Hunturu da Kayan Kiɗa: Yadda Jita da Goge Za Su Isa Gida Lafiya

Daga tsakiyar watan Nuwamba, da zarar manoma sun gama kakkaɓe riɗi sun kai gero rumbu, iska kan juya a ƙasar Kafin Hausa. Sai ta koma busowa daga arewa maso gabas, sama ta yi fari fat, hazo ya rufe fadama har hantsi. Kowa ya san abin da wannan iska ke yi wa jiki: leɓe ya tsage, kaushi ya fito a diddige, fata ta yi furu-furu sai an bi ta da mai. Yadda leɓen mutum ke tsagewa, haka itace da duma da fatar akuya ke tsagewa, kuma da waɗannan ukun ake yin kusan duk abin da makaɗi ke riƙewa a hannunsa.

Wannan lokaci ne kuma kayan kiɗa suka fi hawa mota. Bayan kaka kuɗi ke shiga hannun mutanen karkara, a ɗaura aure, a buɗe filin dambe da na kokawa, makaɗa su yi ta zirga-zirga tsakanin Kafin Hausa da Bulangu da Jahun da Haɗeja. A Disamba majami'u kan sayi sabbin kayan kiɗa saboda Kirsimeti. Ɗalibai masu sha'awar jita a Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse kan yi odar tasu ta waya, a ɗoro musu daga Legas ko Kano. Da yawa daga cikin waɗannan kaya kan iso da rauni, mai saye ya zargi direba, direba ya rantse ko ƙasa bai ajiye ba. Sau da yawa direban gaskiya yake faɗa. Iska ce ta yi ɓarnar.

Iskar da ke tsotse ruwa

Ƙurar hunturu tana tasowa ne galibi daga kwarin Bodele a arewacin ƙasar Chadi, busasshen gindin wani makeken tafki na zamanin da. Iska na matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwaso garin ƙasar wurin, ta nufo mu da shi. Masana sun ɗauki wannan kwari a matsayin wurin da ya fi ko'ina fitar da ƙura a duniya. Kafin iskar ta iso Jigawa ta ratso ɗaruruwan kilomita na hamada, babu sauran laima a cikinta.

Danshin iska ana auna shi ne da kaso cikin 100. A Legas, bakin teku, ya kan kai 80 ko fiye a yawancin watanni. A Dutse da Kafin Hausa, a tsakar ranar Janairu, ya kan faɗi ƙasa da 20, wata rana ma ya kusanci 10. Zafi kuma yana wasa da hankali: da asuba ma'auni ya nuna digiri 12 ko 13, mutane na jin ɗumi a bakin wuta, da azahar ya haura zuwa 28 ko 30.

A ƙasashen da ake ƙanƙara, masu sayar da jita na fargabar watannin Disamba zuwa Fabrairu saboda tsananin sanyin hanya da na'urorin ɗumama ɗaki da ke busar da iska. Sanyinmu bai kai nasu ba, amma bushewarmu ta kai tasu har ta wuce. Kamfanin Martin na jihar Pennsylvania a Amurka, wanda ke ƙera jita tun 1833, yana ba da shawarar a ajiye ta inda danshi ke tsakanin 45 da 55, zafi kuma tsakanin digiri 22 da 25. Kamfanin Taylor na California ma kusan haka yake faɗa game da danshi. Hunturunmu ko rabin wannan adadi ba ya bayarwa.

Abin da ke faruwa a jikin jita

Itace, ko ya shekara 50 da sarewa, bai daina shan ruwa daga iska da mayar mata da shi ba. Idan iska na da laima sai ya kumbura, idan ta bushe sai ya tsuke. A danshin 50 cikin 100, ruwan da ke cikin katako kan zauna a wajen kashi 9 na nauyinsa. Idan danshi ya faɗi zuwa 15, sai ya ragu zuwa ƙasa da kashi 4. Kuma tsukewar ba daidai take tafiya ba: ta tsawo kusan babu, ta faɗi ce mai yawa. Kafintoci sun san wannan, shi ya sa ƙyauren da ke cijewa da damina yake sakin jiki da rani.

Fuskar jita, wato allon gaba mai rami a tsakiya, kaurinta bai wuce milimita 3 ba, faɗinta kuma wajen santimita 40. An manne gefunanta da gam, an kuma tokare ta da 'yan sanduna daga ciki. Idan ta bushe tana iya neman tsukewa da kusan milimita 3, amma an ɗaure ta ta ko'ina, babu inda za ta matsa. A kanta kuma ga tsirkiyoyin ƙarfe shida suna ja da nauyin da ya kai kilo 70, wato fiye da buhun siminti guda, dare da rana. Idan abin ya yi yawa sai ta tsage, yawanci daga ƙasan jaki, inda aka ɗaure tsirkiyoyin, zuwa gindi.

Kafin a kai ga tsagewa akwai alamu. Wanda ya shafa gefen wuyan jitar zai ji bakin ƙarafan nan da ke jere a kai suna karce masa yatsa, domin katakon ya tsuke ya bar ƙarfe a waje. Fuskar da ya kamata ta ɗan turo sai ta lotsa. Tsirkiya ta sauko tana gogar ƙarfe, sauti ya fara zizar da ba a saba ji ba. Wani lokaci jakin ya fara ɗagowa daga baya har a iya zura takarda a ƙarƙashinsa.

Jita mai araha, wadda aka yi da falankin da aka jera sala-sala aka manne, ta fi jure bushewa. Mai tsadar da aka yi da tsantsar katako ita ce ta fi saurin tsagewa. Ta lantarki mai dunƙulallen jiki ba ta cika tsagewa ba, sai dai wuyanta na lanƙwasa, ƙura kuma na shiga maɓallan ƙara sauti har su riƙa ƙarar yashi idan an murɗa.

Sai maganar fenti. Wasu jitoci masu daraja ana shafe su da wani siririn fenti mai sheƙi da ake kira nitrocellulose. Idan jita ta kwana cikin sanyi aka fito da ita kai tsaye cikin ɗumi, katako da fenti ba sa buɗewa tare, sai fentin ya yi zane-zanen tsaga sirara a duk jiki. Cikin 'yan mintuna abin ke faruwa, kuma ba ya gyaruwa sai an kankare an sake shafawa.

Goge, gurmi da kalangu

Kayanmu na gida ba su tsira ba, duk da cewa a nan aka haife su. Goge ƙoƙon duma ne da aka rufe da fatar guza, aka zura masa sanda, tsirkiyarsa kuma izgar doki ce. Kukuma ƙanwarsa ce, ta fi shi ƙanƙanta. Gurmi, wanda marigayi Haruna Uji na Haɗeja ya yi suna da shi, shi ma duma ne da fata. Garaya da molo suna da fata a kan kwaminsu. Kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zagaya ƙasashe da shi har rasuwarsa a 2015, gwangwani ne aka rufe da fata, ga tsirkiya guda. Kalangun da ya raka waƙoƙin Mamman Shata kuwa, kango ne na itace, da fata a baki biyu, da tsirkiyoyin da ake matsawa a hammata.

Fata ta fi katako saurin amsa wa iska. Da damina takan saki, makaɗi ya shanya gangarsa a rana ko ya kara ta kusa da wuta kafin ta yi murya. Da hunturu sai ta ɗame da kanta. Sautin kan yi kaifi, mai sauraro ya ji daɗi, amma fatar tana gab da iyakarta. Gogen da aka ɗaure tamau aka jefa a but ɗin mota, jakinsa na danne da fatar, motar na faɗawa rami, abin da zai biyo baya sananne ne: jakin ya huda fatar, ko ta yage daga bakin ƙusoshin da suka riƙe ta.

Duma kuma idan ya bushe ƙarau ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Buhun riɗi ko na zoɓo ɗaya ya jingina da shi ya isa. Izga takan yi gautsi ta riƙa tsinkewa sili-sili. Naken da ake liƙawa a tsakiyar fatar kotso da taushi kan taurare cikin sanyi har ya ɓanɓare, idan kuma ya sha zafin mota ya yi laushi ya kwaso ƙura. Algaita itace ce da aka naɗe da fata, tana iya tsagewa daga ciki ba a gani ba sai an busa an ji iska na zurarewa. Kakaki ne kaɗai bushewa ba ta dame shi ba, shi lotsewa ce matsalarsa, don haka ake raba shi gaɓa-gaɓa a naɗe kowace daban.

Tsofaffin makaɗa sun daɗe da sanin maganin abin. Idan za su yi tafiya sukan zare jakin goge su ƙulle shi a aljihu, tsirkiya ta kwanta lamo a kan fata. Sukan sassauta abin da ke sassautuwa, su shafa wa fata ɗan man kaɗe kaɗan, yadda ba za ta yi nauyi ba, su zura kayan cikin jakar ƙyalle mai kauri. Kuma ba kasafai za a ga mai goge ya miƙa wa yaron mota gogensa ba. A cinyarsa yake riƙe shi har a sauka. Duk ƙa'idojin da manyan kamfanonin jita ke bugawa a takarda, idan aka tace su, wannan dabarar ce.

Daga Legas zuwa Kafin Hausa

Yawancin jitocin da ake sayarwa a Najeriya ta teku suke shigowa, su zauna a shagunan Legas irin na kasuwar Alaba, inda suke shan laima su ƙoshi. Daga nan mota ta ɗauko su ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 zuwa Kano. Daga Kano a sake lodi, ko dai ta Wudil da Gaya da Jahun, ko ta hanyar Ringim da Haɗeja. Cikin kwana biyu ko uku jitar ta tashi daga danshin 80 ta faɗa na 15. Saurin wannan sauyi shi ne babban haɗari, kuma duk aikin mai ɗaure kaya shi ne ya rage masa gudu.

Ga yadda gwani ke yi. Zai shimfiɗa tabarma a cikin ɗaki, ya kwantar da jitar. Ya murɗa kunnuwanta shida ɗaya bayan ɗaya, kowanne zagaye ɗaya ko biyu, har sautin ya sauka amma tsirkiya ba ta yi lako-lako ba, domin akwai ƙarfe a cikin wuyan da aka saita shi don ya yi jayayya da jan tsirkiya. Ya zura doguwar takarda tsakanin tsirkiyoyi da ƙarafan wuya don kada su goge juna. Idan akwai batir a ciki ya cire. Ya ɗauki ɗan soso, ya tsoma a ruwa, ya matse shi har ɗigo ɗaya ba ya fita, ya sa a cikin ƙaramin gidan sabulu na roba mai huji-huji, ya naɗe robar da ƙyalle ya cusa ta a aljihun akwatin ko kusa da kai, inda ba za ta yi yawo ba. Wannan soso ne zai riƙa sakin laima a hankali a hanya. Ruwa bai kamata ya taɓa katako ko kaɗan ba. Idan ya ga 'yan ƙullin nan masu farin tsaba da kamfani ke sakawa don tsotse danshi, sai ya fitar da su. An yi su ne domin tafiyar teku, a hunturu ƙara ɓarna suke yi.

Daga nan sai kai. A nan jita ta fi karyewa, daidai inda wuya ya haɗu da kan da ke ɗauke da kunnuwa, domin wurin siriri ne, kan kuma yana da nauyi. Idan akwati ya faɗi, jiki ya tsaya, kan ya ci gaba da tafiya, sai ya ɓalle. Don haka gwani zai dunƙule tsofaffin jaridu ya cusa ƙarƙashin kan da samansa har ya zauna daram. Ya cike sauran gurabe da tsohuwar riga ta auduga. Leda ko roba kada ta kwanta kai tsaye a jikin fenti, tana iya barin tabo.

Ya rufe akwatin, ya ɗaga, ya girgiza kusa da kunnensa. Idan ya ji wani abu ya motsa, ya buɗe ya ƙara cusa. Sai ya zura akwatin gaba ɗaya cikin babbar leda ya ƙulle bakinta, saboda ƙura kada ta shiga, laima kada ta fita. Sannan kwali mai kauri, da tazarar yatsa uku ko huɗu ta kowane gefe, a cike da jarida ko yankan katifa, musamman gindi. Ya bi kowace gaɓa da salatif. Wanda ba shi da akwati mai tauri, sai ya yi kwali biyu, ɗaya cikin ɗaya. Jakar ƙyalle kaɗai ta ratayawa ce a kafaɗa, ba ta isa tafiyar mota ba.

Goge da gurmi ma haka, sai dai su a kan samo roba ko bokiti mai murfi wanda ƙoƙon zai shige, a kewaye shi da tsumma, a rufe fuskar fatar da yankin kwali, sandar kuma a ɗaure ta da wani katako don kada ta karye. Kalangu a rufe bakinsa biyu da faifan kwali kafin a naɗe shi da bargo.

A tasha

Kafin a bar gida, a ɗauki hoton kayan ta kowane gefe da waya, a ɗauki na kwalin bayan an rufe, a tura wa mai karɓa. A rubuta suna da lambar waya a jikin kwalin, a sa wata takardar a ciki. A rubuta da manyan baƙaƙe cewa kayan fashewa ne, a zana kibiya mai nuna sama.

Rubutu kaɗai ba ya wadatarwa a tasha, sai an haɗa da baki. Wanda ya saba aika saƙo daga tashar 'Yankaba a Kano ko daga Dutse ba ya miƙa wa ɗan kamasho kaya ya juya. Yakan nemi direban da kansa, su gaisa, ya ce masa: Malam direba, don Allah ga amana, abin kiɗa ne, kada a ɗora masa komai. Ya tsaya har a gama lodi ya ga inda aka sa. Ya karɓi lambar direba da ta mota, ya sa a rubuta saƙon a littafin ƙungiya idan tashar na da shi.

Wurare uku ne ba a so. Saman mota, inda rana ke dukan kaya da azahar, iskar asuba ta kaɗa su, igiya kuma ta matse su. Ƙasan but, inda buhuna ke hawa. Da kuma jikin gilashin baya, inda rana ke taruwa. Motar da aka rufe aka bari a rana cikinta na iya haura digiri 60, kuma a irin wannan zafi gam ke fara saki. Wuri mafi kyau shi ne cikin mota, a tsaye, gindi a ƙasa. Jita mai tsada ta cancanci a biya mata kuɗin kujera guda. Kuɗin kujera daga Kano zuwa Kafin Hausa bai kai ko kusa da kuɗin gyaran karyayyen wuya ba, balle a ce mai gyaran ma sai an koma Kano ko Kaduna an nemo shi.

Idan ta kamfanin aika saƙo ko gidan waya za a tura, a kai kayan farkon mako, don kada su kwana Asabar da Lahadi a sito. A faɗi ainihin kuɗinsu a takarda, a tambayi inshora, a adana rasit.

Idan saƙo ya iso

Nan ne zumuɗi ke ɓata aikin da aka yi a baya. Matashi ya yi wata biyu yana tara kuɗi, kwali ya iso, abokai sun kewaye shi, kowa na cewa a buɗe. Abin da ya dace shi ne a shigar da kwalin ɗaki, a jingine shi nesa da taga da murhu, a bar shi. Masu sayar da jita a ƙasashen sanyi kan ce a jira awa 24. A nan, idan kwalin ya yi sanyi ko zafi a tafin hannu, a bar shi ya kwana. Washegari a buɗe kwalin, a taɓa akwatin. Idan ɗuminsa ya yi daidai da na ɗaki, a ɗan ɗaga murfin kaɗan na wani lokaci kafin a buɗe gaba ɗaya. In kuwa kwalin ya iso a lotse ko a huje, a ɗauki hotonsa a gaban wanda ya kawo.

Bayan an ɗaure tsirkiya a hankali an yi kiɗa, jitar ta koma akwatinta. Rataye ta a bango ado ne mai tsada daga Nuwamba zuwa Maris. A riƙa duba soson nan duk bayan kwana biyu ko uku, domin a Jigawa da wuri yake bushewa. Akwai ɗan ƙaramin agogon auna danshi da ake sayarwa a shagunan kayan lantarki, wanda ke shiga cikin akwati. Idan ya nuna ƙasa da 40, a ƙara jiƙa soso. Ɗaki mai na'urar sanyaya iska ma busar da katako yake yi, haka kusa da kaskon gawayi.

Idan tafiyar ta ƙetare ce

Kayan kiɗan wannan yanki suna fita duniya fiye da da. Bombino na Agadas da Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, suna zagaya Turai da Amurka da jitocinsu. Marigayi Malam Mamman Barka na Nijar ya kai gurmi da wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake kira biram manyan dandamali a ƙasashen waje. Hausawa mazauna Landan da New York kan aiko a saya musu kalangu ko goge don bikin al'ada. Watannin hunturunmu kuwa su ne na ƙanƙararsu, kayan da suka tashi daga Kano suna iya sauka inda ma'auni ke ƙasa da sifili, su kwana a motar rarraba kaya, sannan a shigar da su ɗaki mai ɗumi. A can dokar jiran awa 24 ba ta da sassauci.

A jirgi, abin da ya fi shi ne mutum ya shiga da abin kiɗansa ciki. A 2008 wani mawaƙin Kanada, Dave Carroll, ya ji wata fasinja na cewa ma'aikatan lodi suna jifa da kayan kiɗan ƙungiyarsa a filin jirgin Chicago, ya kuma tarar da jitarsa ƙirar Taylor ta dala 3,500 a karye. Da kamfanin jirgin, United, ya ƙi biyansa, sai ya yi waƙa a kan lamarin ya sa a YouTube a 2009, miliyoyin mutane suka kalla. A 2012 majalisar dokokin Amurka ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanonin jiragen ƙasar barin fasinja ya shiga da ƙaramin abin kiɗa irin jita idan akwai wurin ajiyewa, ta fara aiki a Maris 2015. Dokar ta Amurka ce. Mai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano ya tambayi kamfaninsa tun kafin ya yanki tikiti, ya kuma ɗaure kayan da shirin ko za a karɓe su a ƙofar jirgi. Hazo ma kan sa a ɗage tashi a wannan lokaci, kaya su daɗe a ajiye.

Sai takardu. Akwai yarjejeniyar duniya ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973, Najeriya kuma na cikinta. Guza da damo duk suna cikin jerinta, don haka gogen da aka rufe da fatar guza yana bukatar izini daga Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya kafin ya fita, in ba haka ba jami'an kwastan na can suna iya riƙe shi. A 2017 an sa itatuwan rosewood da ake yin jita da su a jerin, aka sassauta wa kayan kiɗan da aka riga aka ƙera a 2019, ban da nau'in ƙasar Brazil. Madobiyarmu ma tana cikin jerin. Ɗanyar fatar da ba a jeme ba tana da tata matsalar: a 2006 wani mai haɗa ganguna a New York ya kamu da cutar anthrax daga fatun da ya shigo da su daga Kwaddebuwa, kuma hukumomin lafiya na can suna sa ido a kan irin waɗannan fatu. Tsohon tambari ko kakaki na gado kuwa ba ya fita sai da takardar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda Gidan Makama na Kano ke ƙarƙashinta.

Idan ɓarna ta riga ta auku, a sassauta tsirkiya nan take, kada a shafa tsagar da yatsa, domin maiƙon hannu da ƙura na hana gam kamawa. Kada a ɗura mata gam ɗin nan mai kamawa nan take da ake sayarwa a kan tebur, yana taurare bakin tsagar ya hana ta haɗuwa. A mayar da jitar akwati da jiƙaƙƙen soso na mako ɗaya ko biyu. Sau da yawa katakon kan kumbura tsagar ta rufe bakinta, sannan mai gyara ya sa gam ɗin katako ya tokare ta daga ciki. Fatar goge da ta yage sai dai a sake wata, kuma masu wannan sana'a sun yi ƙaranci a garuruwanmu, wanda ya san ɗaya ya riƙe shi da kyau. Soson kuma a ci gaba da jiƙa shi har ƙarshen bazara. Idan ruwan farko ya sauka a Mayu ko Yuni, a cire shi, a mayar da 'yan ƙullin tsotse danshin nan cikin akwati, domin daga lokacin kumburi da tsatsa da fumfuna ne za a yi fama da su har Oktoba.